Idan na sari ɓarawo a cikin gidana ya mutu, me doka za ta ce?

Manomin Riɗi: Assalamu alaikum. Ina wani ƙauye a gefen Ringim. Daren Talata wajen ƙarfe biyu na ji akuyoyi suna tirjiya. Da na haska tocila sai ga mutum ya kwance ragon da nake kiwo na layya, wuƙa a ƙugunsa. Na rarumi adda, ya haura katanga ya bar takalminsa ɗaya. Har yanzu jikina rawa yake. Da na cim masa na sare shi ya mutu, kama ni za a yi?

Ɗan Auyo: Gidanka ne, dare ne, da makami ya zo. Hadisi ma ya ce wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne.

Baba Mai Ritaya: Ɗan Auyo, a bi a sannu. Na daɗe ina aikin rajista a kotu. Sashe na 33 na kundin tsarin mulkin 1999 ya yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa, amma da ƙarfi daidai buƙata. Dokar Final Kod ta Arewa, wato dokar hukunta laifuka, daga sashe na 59, ta ce kariyar na iya kaiwa ga kisa idan akwai fargabar mutuwa ko mummunan rauni, ko fashi, ko fasa gida da dare. Sai dai, ɗana, alƙali zai tambaye ka: lokacin da ka kai saran, yana fuskantarka ne ko ya ba ka baya? Wanda ya haura katanga ya bar rago, haɗarinsa ya wuce. Ka bi shi lungu ka sare shi, shari'ar kisan kai ce. Ku tuna Sunday Jackson na Adamawa: ya ce an kai masa hari a gona, ya ƙwace wuƙar ya kashe maharin, amma a Maris 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar masa da hukuncin kisa. Afuwar gwamna ce ta fitar da shi.

Manomin Riɗi: To Baba, da ya zaro wuƙar ya yo kaina fa?

Baba Mai Ritaya: Nan kam ka kare kanka. Amma ko da hakan, sai ka kwana a caji ofis kafin a tantance. Yanzu dai kai wa mai unguwa takalmin nan, a sanar da 'yan sintiri, ragon kuma a matso da turkensa ƙofar ɗakinka.