Tunawa da waɗanda ta'addanci ya rutsa da su: abin da idanunmu suka gani

Mai Buɗe Zance:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. A watan Disamba na 2017 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ware ranar 21 ga Agusta ta kowace shekara domin tunawa da waɗanda ta'addanci ya rutsa da su. Sai dai a irin wannan rana jawabai ne suke yawa, waɗanda abin ya shafa kuwa suna gida babu mai tambayarsu. Ina roƙon duk wanda ya rasa wani nasa a hari, ko aikinsa ya kai shi wurin, ya ba mu labarin abin da ya gani.

Malamar Jinya:
Wa alaikumus salam. Ina bakin aiki a ɓangaren agajin gaggawa daren da aka kawo mana waɗanda bam ya tashi da su, kuma gadaje sun ƙare tun kafin motocin su daina shigowa, har muka koma shimfiɗa mutane a baranda muna rataye ledar ƙarin ruwa a jikin taga. Abin da ya kasa fita daga kunnena shi ne ƙarar wayoyi a aljihun waɗanda suka riga suka cika. Wani dattijo mai kula da ɗakin ajiye gawa shi ya ɗauki nauyin amsa su. Ba ya faɗa wa mai kira cewa an rasu; cewa yake a turo babba daga cikin dangi. Daga nan sai ya zuba agogo da zobe da makullan kowane mamaci a ambulan dabam, ya rubuta lamba a kai, don kada iyali su zo su tarar kayan sun cakuɗe. Ya kwana a tsaye, haka ma masu shara da suka yi ta wanke jini har gari ya waye. An yaba wa likitoci da mu a rediyo, kuma mun gode, amma ban ji an ambaci waɗannan bayin Allah ba, alhali su ne suka kare mutuncin matattu.

Uwar Marayu:
Malama, Allah ya saka muku da alheri. Maigidana kurtun ɗan sanda ne, kuma a shingen bincike ya rasu, bayan ya tsayar da wata mota ya hana ta wucewa zuwa cikin jama'a. An yi masa faretin girmamawa, an miƙa mini tuta a naɗe. Bayan 'yan watanni aka ce mu tashi daga gidan bariki, sannan na shiga yawon ofisoshi da takardu a hannu ina neman haƙƙinsa, yau a ce fayil ya ɓata, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya, ga yara suna jiran kuɗin makaranta. Ba ƙorafi ya kawo ni ba, amma duk mai son karrama ma'aikacin da ya ba da ransa, ya fara duba halin da 'ya'yansa suke ciki. Abin da yake sanyaya mini zuciya shi ne wata baiwar Allah da ban taɓa sani ba, wadda take zuwa gaishe ni duk shekara, tana cewa 'ya'yanta suna cikin taron da motar ta nufa a ranar.

Tsohon Ɗan Kwana-kwana:
'Yar'uwa, Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, maharan kan dasa bam na biyu musamman domin masu kai ɗauki, saboda haka duk lokacin da muka sauka daga mota muka ja mesa mun san cewa wataƙila mu ake jira. A haka na rasa abokin aikina, yana ɗauke da wani yaro. A harin 11 ga Satumba na 2001 a Amurka, 'yan kwana-kwana 343 na birnin New York suna cikin mutum kusan 3,000 da suka mutu, kuma duk shekara ana karanto sunayen mamatan ɗaya bayan ɗaya. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai. Amma a ganina girmamawar da ta fi ita ce a ba ma'aikaci hular kwano da takalmi da motar da ke da ruwa tun yana raye.

Malamin Makaranta:
Baba, maganarka gaskiya ce. Ɗalibina ya rasu a hari kan hanyarsa ta komawa gida, kuma na daɗe ina kasa tsallake sunansa idan ina kiran rajista. Ina so mu tuna da ɗaliban da aka kashe a makarantun Buni Yadi ta jihar Yobe da Peshawar ta Pakistan a 2014, da mutum 148 da aka kashe a Jami'ar Garissa ta Kenya a 2015. Mu kuma sa ma'aikatan lafiya cikin masu kare al'umma: masu allurar rigakafin shan inna tara da aka harbe a Kano a 2013, da Saifura Khorsa da Hauwa Liman, ma'aikatan Red Cross da aka sace a Rann ta jihar Borno aka kashe a 2018. Ina ba da shawarar mu tattara sunayen namu a nan, mu riƙa karanta su duk 21 ga Agusta.

Uwar Marayu:
Malam, na amince, amma da sharaɗi guda: a nemi izinin iyali kafin a sa suna ko hoto. Babban ɗana a Facebook ya fara ganin gawar mahaifinsa, kafin abokan aikinsa su iso gida da labari. Idan an yarda da wannan sharaɗi, zan aiko da sunan maigidana da hotonsa yana cikin kaki.