Rigimar "na farko" a zauren masoya wasanni

Baban Iman: Salamu alaikum. Yau dai abin ya ishe ni, sai na faɗa. Watan Fabrairu ya kama, nan Amurka an shiga bikin tarihin baƙar fata, duk tashar da ka murɗa Jackie Robinson, Jackie Robinson, kamar shi kaɗai uwa ta haifa, don shi ya karya shingen launin fata a babbar gasar wasan baseball a 1947. Ga bawan Allah kwance a maƙabartar Wooster, nan jihar Ohio, Charles Follis, ba mai ko ambaton sunansa. A 1904 ya sa hannu a kwantiragi da ƙungiyar garin Shelby, shi ne baƙar fata na farko da aka biya kuɗi ya buga ƙwallon Amurka. Shekara 43 ke nan kafin Robinson. Baƙar Guguwa ake masa kirari. Sauran ranaku yana aiki a shagon kayan ƙarfe, ranar wasa kuma a bar shi da duka da zagin 'yan kallo. Rauni ya raba shi da wasan a 1906, ciwon huhu ya kashe shi a 1910 yana ɗan shekara 31. Har yau ba a shigar da shi cikin gwarazan zauren girmama 'yan ƙwallon Amurka da ke garin Canton ba, alhali daga Canton zuwa kabarinsa ko awa ɗaya ba a yi a mota. Na san ba mai tanka mini. Da cewa na yi an ci Arsenal da tuni wayoyi sun ɗau zafi.

Ɗan Gunners: Yaya, me Arsenal ta yi maka da sassafen nan?

Maman Sadiq: Allah sarki, 31 ai yaro ne. Ya bar iyali kuwa?

Malam Mai Tarihi: Wa alaikumus salam. Baban Iman, sannu da ƙoƙari, amma a janye kalmar "na farko". Na farko shi ne Fritz Pollard. Babbar gasar ƙwallon Amurka da ake kira NFL a yau a 1920 aka kafa ta a Canton, kuma a shekarar Pollard ya ɗau kofi da Akron ba tare da an ci su ko wasa ɗaya ba. A 1921 ya zama koci, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami. Shi Follis shekara goma da rasuwa aka kafa gasar. Yaya mutum zai zama na farko a gidan da ba a aza tubalinsa ba?

Baban Iman: Malam, ni ban ce NFL ba. Koma ka karanta. Cewa na yi wanda aka biya kuɗi.

Malam Mai Tarihi: To wa ya riƙe maka rasit ɗin kowa? Zamanin nan a ɓoye ake biyan 'yan wasa, don karɓar kuɗi abin kunya ne a wurinsu. Shi kansa Bature na farko da aka sani, Heffelfinger, dala 500 da ya karɓa a 1892 sai da aka yi shekaru da dama kafin a tono takardar. Abin da za ka iya cewa shi ne Follis ne wanda kwantiraginsa ya fara bayyana. Wannan daban, na farko daban.

Baban Iman: Ikon Allah. Wato takarda hujja ce in ta Pollard ce, in ta Follis ce kuma sai a nemo rasit ɗin mutanen da ba a san su ba.

Na Damagaram: Ku yi haƙuri in tsoma baki. In ma gasar 1920 ɗin ce ma'auni, Malam, naka ma bai tsira ba. Bobby Marshall na Rock Island ya riga Pollard shiga fili a kakar, tun 26 ga Satumba. Kuma yana da shekara 40 a lokacin, ga shi lauya.

Malam Mai Tarihi: Wannan wasan da ƙungiyar da ba ta cikin gasar suka buga shi. Ba ya shiga lissafina.

Na Damagaram: Lissafinka, ranka ya daɗe. Ai ka faɗi gaskiya.

Alhajin Nima: Ina ta kallonku ina dariya. Duk wanda kuka lissafa ƙane ne. Arthur Wharton, haifaffen Jamestown a nan Ankara, 1865. A 1889 Rotherham ta Ingila ta ɗauke shi mai tsaron gida, ana biyansa. Shekara 15 kafin Follis ɗinku. A 1886 ya gudu yadi 100 a daƙiƙa 10. In ana neman wanda aka manta, shi ne: ya mutu a 1930 ba shi da ko sisi, kabarinsa ko alama babu sai a 1997. Na farko namu ne, 'yan Ghana.

Baban Iman: Alhaji, wannan ai wani wasa ne daban.

Alhajin Nima: Ƙwallo ka ce ko ba ƙwallo ka ce ba?

Ɗan Gunners: Yauwa Baba Alhaji, nan nake jira. Abin da ake runguma a ƙirji a ruga da gudu, ga hular kwano ga kafaɗun roba, ta ina ya zama ƙwallo? Zari-ruga ce da ta je Amurka ta yi ƙiba. A yi gudun daƙiƙa biyar a tsaya a yi talla. Na gwada kallon wasansu na ƙarshen kaka, barci ya kwashe ni kafin a tafi hutu.

Baban Iman: Ƙanina, a zamanin Follis babu hular kwanon da kake gani. Wanda ya samu ya ɗaura 'yar hular fata, da yawa ma kai tsirara suke shiga. A 1905 'yan wasa sun mutu a fili har sai da Shugaba Roosevelt ya kira manyan jami'o'i fadarsa kan a gyara dokoki. Ka ɗora baƙar fata ɗaya tilo a cikin wannan turmutsitsin, kowa na nemansa da gangan bayan an busa usur. Wannan nake so ku gani, kun tsaya kuna auna kalma.

Malam Mai Tarihi: In wahala ce ma'auni, Pollard ya sha wadda ta fi. A Akron a shagon sigarin mai ƙungiyar yake sa kayan wasa, a kawo shi fili dab da za a fara. In an kayar da shi sai ya mirgina rigingine ya ɗaga ƙafafu sama, ƙusoshin takalmi na kallon duk mai niyyar faɗo masa. Da haka ya tsira da haƙarƙarinsa.

Maman Sadiq: Ni fa tambaya na yi tun ɗazu ba wanda ya kula ni.

Baban Iman: Yi haƙuri Hajiya, sun ɗauke mini hankali. Kuma ga abin da ya fi ci mini rai: Branch Rickey, mutumin da ya ɗauki Robinson a Brooklyn ya sa shi a fili a 1947, yana ɗalibi ya buga wa Shelby tare da Follis. Da idonsa ya ga haƙurin mutumin. Ba don Follis ba, da babu Robinson.

Na Damagaram: A'a, nan kam ka zarce. Sun yi wasa tare, gaskiya ne. Amma labarin da Rickey ya riƙa bayarwa da bakinsa na Charles Thomas ne, baƙar fata ɗan wasansa na jami'a da otal ya hana ɗaki a South Bend. Sauran hasashen mutanen Ohio ne.

Baban Iman: Kai kuma ɓangaren wa kake? Ɗazu kana bayana, yanzu kana bayan Malam.

Na Damagaram: Ina bayan Marshall, kuma kun bar shi a hanya.

Alhajin Nima: Haka 'yan Najeriya suke, in abu ba nasu ba ne sai su ce wani wasa ne daban.

Ɗan Gunners: Baba Alhaji da girmanka. Follis ɗan Kano ne da za ka ce namu? In namu ake nema a wasan nan ga Christian Okoye na Inugu, da ya yi tashe a Kansas City. Ku fa?

Alhajin Nima: Mu kofin Afirka huɗu gare mu, ku uku. Je ka ƙirga.

Ɗan Gunners: Na ƙarshe 1982. Ko aure ba ka yi ba lokacin.

Alhajin Nima: Shugaba, ka ja wa yaron nan kunne. Na haifi wanda ya girme shi.

Maman Sadiq: Ni abin da ban gane ba, in tun 1920 akwai baƙar fata har da koci, me ya sa ake ta murnar an buɗe musu ƙofa daga baya?

Malam Mai Tarihi: Hajiya, rufe ta aka yi. Bayan kakar 1933, da Joe Lillard da Ray Kemp suka fita, ba a sake ɗaukar baƙar fata ko ɗaya ba sai 1946, da Kenny Washington da Woody Strode suka shiga Los Angeles Rams. Ba doka a rubuce, masu ƙungiyoyi ne kawai suka daina ɗauka. Ƙungiyar birnin Washington ma sai 1962 ta sauko. Pollard ya rasu a 1986, sai 2005 aka shigar da shi Canton. To in wanda ya ɗau kofi ya jira haka, wa zai tuna ɗan ƙungiyar ƙauye?

Baban Iman: Shelby ba ƙauye ba ce, kuma ka janye.

Malam Mai Tarihi: Ka fara janye "na farko".

Shugaban Zaure: Jama'a, ya isa haka. Ga abin da na fahimta a taƙaice. Baban Iman ya kawo tarihin wani Follis, mun gode, amma ya kasa kawo hujjar cewa shi ne na farko. Malam, wanda duk mun san karatunsa tun muna aji ɗaya, ya tabbatar da cewa Fritz Pollard ne, da shekaru da komai, kuma ba wanda ya iya karya maganarsa. Batun Marshall ƙaramin bayani ne. Batun Ghana ba wurinsa ba ne. Ɗan Gunners ya ba Alhaji haƙuri ta waya. Daga yau duk mai kawo wasan da ba a nunawa a gidan kallo ya fara sanar da ni.

Na Damagaram: Shugaba, "ba wanda ya iya karya maganarsa"? Hau sama kaɗan ka duba 26 ga Satumba.

Ɗan Gunners: Ni ban kira kowa ba fa, ko kati babu a wayata.

Alhajin Nima: 1889 dai tana gaban 1920, ko a Kano ko a Ankara. A cire ni daga zauren nan in an ga dama.