Jidda zuwa Rabig a kan keke: yini ɗaya zai isa?

Sabon Mahayi:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mutumin da bai taɓa wuce kilomita 40 a kan keke ba, yana so ya yi Jidda zuwa Rabig, wajen kilomita 150. Keken na hawan dutse ne mai faɗin taya da giya 21. Yini ɗaya zai isa, ko sai an kwana a hanya? Wane wata ya fi, kuma me ya kamata a riƙa? Allah Ya saka da alheri.

Mai Faci na Karantina:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin maganar kaya, juya tafiyar tukuna. A gaɓar Bahar Maliya ta wajenmu iska daga arewa ko arewa maso yamma take kaɗawa kusan duk shekara, kuma tana ƙara ƙarfi da hantsi zuwa la'asar. Wanda ya tashi daga Jidda ya nufi Rabig, ita zai yi ta tunkara da ƙirji har ya isa. Sabon mahayi a irin kekenka yana yin kilomita 18 zuwa 20 a awa in babu iska. In tana gabansa sai ya koma 13 ko 14, tafiyar awa takwas ta zama sha ɗaya, ban da hutu da salla. A ɗora keken a mota a kai shi Rabig da daddare, a kwana can, a taso bayan asuba a nufo kudu. Nisan bai canza ba, amma iskar ta koma bayanka.

Wata kuwa, Disamba zuwa Fabrairu. A Janairu rana tana fitowa wajen ƙarfe 7, ta faɗi wajen 6, ka ga kana da haske na kamar awa sha ɗaya. Bazara kada ma a sa ta cikin lissafi: ƙasar da ta hana lebura aiki a rana daga 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba ba za ta yi wa mai keke sauƙi ba.

Tayar nan mai ƙuraje tana cin ƙarfi a kwalta a banza. Sa mai sulɓi, faɗin inci 1.5, ka ba ta iska gwargwadon abin da aka rubuta a gefenta, ka rage kaɗan daga iyakar. In iska ta yi ƙasa ka faɗa rami, ƙarfen taya zai matse tiyub ya huda shi wuri biyu kusa da juna kamar saran maciji, kuma irin wannan hujin faci ɗaya ba ya rufe shi da kyau. Amma abin da ya fi sace iska a gefen babbar hanya shi ne siririyar wayar da ke fita daga fasassun tayoyin tirela. Ba a ganinta da ido. In ka cire tiyub, bi cikin tayar da yatsa a hankali har ka ji tsinin, ka zare shi da hantsaki; in ba haka ba sabon tiyub ɗin ma ba zai yi kilomita biyu ba.

Riƙe tiyub biyu, ƙarfen cire taya biyu, famfon hannu, akwatin faci, makullan alanki 4, 5 da 6, da mahaɗin sarƙa daidai da taka (giya 21 na nufin bakwai a baya). Wajen faci, goge wurin da sanfefa, shafa gam siriri, jira ya bushe minti uku zuwa biyar kafin ka manna. Yawancin facin da ke ɓallewa an manna shi ne gam na ɗanye. Man sarƙa kuma busasshe, ka goge ragowarsa; mai danƙo yana tara yashi ya riƙa cin sarƙar kamar dutsen niƙa.

Ummu Hanan:
Maganar iska gaskiya ce, amma Malam ka tsallake kilomita 40 ɗin. Daga 40 ba a tsallaka zuwa 150. A ba jiki mako takwas: hawa biyu gajeru cikin mako, ɗaya dogo ranar Juma'a ko Asabar, ana ƙara kilomita 10 kowane mako har a kai 100 ko 110. Wanda ya yi 110 ya sauka da sauran ƙarfi zai iya 150.

Abin da ke kayar da mutane ba ƙafa ba ce, yunwa ce. Sukarin da jiki ya ajiye a tsoka yana ƙarewa cikin kamar awa biyu na aiki, daga nan sai jiri da rawar hannu, feda ta yi nauyi kamar an ɗaure ta. A fara ci tun awar farko, giram 30 zuwa 60 na sitaci ko sukari kowace awa: dabino biyar ko shida da ayaba ɗaya, ko rabin gurasar tamis. Kabsa da nama a bari sai an sauka. Ruwa rabin lita zuwa lita ɗaya a awa, kurɓi-kurɓi. Gora ɗaya ruwa zalla, ɗaya a zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita. Gumin Jidda yana fitar da gishiri sosai, ruwa zalla da yawa kuma yana kawo ciwon kai da tashin zuciya. Duk gidan mai ko baƙala (ƙaramin kanti) da aka gani a cika gora, ko ba ta ƙare ba.

Sirdi: ɗora dunduniya a feda tana can ƙasa, ƙafa ta miƙe sak. Ciwo a gaban gwiwa, sirdi ya yi ƙasa. A bayan gwiwa, ya yi sama. A juya giya mai sauƙi, zagaye 80 zuwa 90 a minti, maimakon danna mai nauyi.

Abu Faisal:
Ni dai ina ganin karon farko a raba ta biyu, a kwana Tuwal, kusan tsakiya ce. Ko a yi yini ɗaya amma da mota tana biye. Kada a tafi shi kaɗai.

Tireloli ne abin tsoro: in ta wuce ka iskarta tana tura ka waje, sannan ta janyo ka ciki. Riƙe kan keke da hannu biyu, ka riƙa tafiya can cikin kafaɗar hanya, ka fi kula a mahaɗar da motoci ke fita dama. Hular kwano, riga mai ƙyalli, jar fitila a baya ko da rana. Ka tambayi Murur ('yan sandan kula da hanya) tun kafin ranar wace hanya aka yarda keke ya bi, domin ba kowace babbar hanya ba ce. Iƙama (katin izinin zama) a aljihu, waya da caji. 911 yana aiki a yankin Makka, motar asibiti kuma 997.

Mai Faci na Karantina:
Na manta bawul. Famfon gidan mai bawul mai kauri irin na mota yake kamawa. In naka siriri ne, sayi ɗan mahaɗinsa ka ɗaure shi a jakar faci, kuma tiyub ɗin ajiya su zama bawul iri ɗaya da ramin ƙarfen tayarka.