Wace kalmar Hausa za mu ba "pagan" in ana maganar alamominsu?

Jama'a, masu fassara da malaman Hausa, ga wata kalma da ya kamata mu tsayar da magana a kanta: pagan. Tana yawan fitowa a labaran ƙetare, musamman in ana bayanin alamomin wasu addinai, kuma kowa na juya ta yadda ya ga dama. Wani ya rubuta "alamomin arna", wani "tamburan maguzawa", wani kuma "alamun matsafa". Duka ukun ina da ja a kansu.

Rabin farko ba wuya. Alama ta wadatar. Tambari a bar wa sarauta da kamfanoni, hatimi kuma a bar wa zanen da malamai ke naɗewa cikin laya. Gardamar tana kan masu alamar, da wane suna za mu kira su.

Mu fara duba abin da ake magana a kai. Akwai tauraro mai tsini biyar cikin da'ira, wanda mabiya Wika, wani addinin zamani da ya fito daga Ingila, ke ratayawa a wuya. A wurinsu tsini huɗu na nufin ƙasa da ruwa da wuta da iskar shaƙa, na biyar da ke sama kuma ruhi. Suna da alamar wata uku a jere: jinjiri, cikakke, da mai raguwa, wato budurwa da uwa da tsohuwa, matakan rayuwar abar bautarsu. Akwai gudumar Tor, ubangijin tsawa a tsohon addinin Turawan arewa. An tono ƙananan gudumomi na azurfa da ƙarfe masu yawa a Denmak da Suwidin, na zamanin Vikings, mayaƙan teku na Turawan arewa, waɗanda ake ratayawa don neman tsari. Sai ank na Masar ta Fir'auna, mai kama da gicciye da madauki a kansa, ma'anarsa rayuwa.

To, duk waɗannan mutane, daga bakin Nilu zuwa ƙasashen ƙanƙara, Bature ya tara su a kalma ɗaya. Asalinta Latin ne, paganus, wato mutumin ƙauye, kuma tun ƙarni na 4 Kiristocin daular Rum ke kiran masu riƙe da tsohon addini da ita. Da raini ta fara, wannan gaskiya ne. Amma yau mutane ne ke kiran kansu da ita: a ƙidayar Ingila da Wales ta 2021, kimanin mutum 74,000 suka rubuta ta da hannunsu a gurbin addini, wasu 13,000 suka rubuta Wika.

Shi ya sa "arna" ba za ta yi ba. A Nijeriya mun san nauyin kalmar. Zagi ce, an sha jefa wa maƙwabtanmu Kiristoci ita, kuma an ji ta a bakin mutane a ranakun rikicin da ba ma fatan su dawo. Mai fassarar da ya saka ta a labari ya zagi wanda yake ba da labarinsa, alhali a rubutun asali babu zagi. A Nijar kuwa Azna ko Anna sunan wasu mutane ne sanannu, masu garuruwa da sarautunsu, irin mutanen Lugu da Sarauniya Mangu ta jagoranta suka tari sojojin Faransa a 1899. Ko ta ina aka ɗauko ta, ba ta hau kan Baturen Landan ba.

Na ga masu goyon bayan "maguzawa" sun fi yawa, kuma na fahimci dalilinsu, don ta fi taushi. Amma Maguzawa Hausawa ne, 'yan uwanmu na ƙauyukan Kano da Katsina da Jigawa, masu gandayensu da iskokinsu da kan gidansu. Masana da yawa na ganin sunan daga Majusu ya fito, matsayin da malaman fiƙihu suka ba su don su zauna cikin amana suna biyan jiziya. Suna ne mai tarihi a ƙasar nan. In ka kira mutumin Aisland mai gudumar Tor Bamaguje, mai karatu zai hango bori da garaya, abin da babu shi a can. Kuma ka ƙwace wa Maguzawa sunansu ka mai da shi jakar zuba kowa.

"Matsafa" ta fi duka ɓatar da mutane. Tsafi aiki ne da ake yi a ɓoye don biyan wata buƙata. Ank kuwa harafi ne a rubutun Masarawa, a fili yake a bangon gidajen ibada da kaburbura, har Kiristocin Kibɗawa suka gaje shi suka mai da shi irin nasu gicciyen. Shi kansa tauraro mai tsini biyar, kore shar, yana tsakiyar tutar Maroko tun 1915, ƙasar Musulmi, inda ake danganta shi da hatimin Annabi Sulaimanu. Wanda aka koya wa cewa wannan zane "alamar matsafa" ce, me zai ce in ya ga tutar? Zane ɗaya ne, ma'anar tana wurin mai riƙe da shi, don haka dole fassara ta faɗi ko wane ne.

Kafirai da mushirikai hukuncin aƙida ne, suna da gurbinsu a wa'azi da littattafan tauhidi, ban taɓa su ba. Sai dai labari aikinsa ya gaya mana su waye, kuma waɗannan kalmomi sun haɗa jama'a da yawa da pagan ba ta nufi ba. "Masu bautar gumaka" ta dace da Rum da Girka da Makka kafin Musulunci, inda gumakan suke a tsaye. A nan a yi amfani da ita. Amma Wika, wadda Gerald Gardner ya fito da ita fili a Ingila a shekarun 1950, ta fi karkata ga wata da rana da juyawar shekara, da bukukuwa takwas.

Ga inda na tsaya. Na da can, mu ce addinin gargajiya, mu kuma ambaci masu shi: addinin gargajiyar Masar, addinin gargajiyar Turawan arewa. Na zamani, irin ƙungiyar Asatru, mai bin tsohon addinin Turawan arewa, da gwamnatin Aisland ta amince da ita a 1973, mu ce masu raya tsohon addini. Raya na zaɓa don mun saba da "raya al'ada", kowa zai gane cewa abu ne da ya kwanta aka tashe shi. Wani ɗan uwa ya kawo shawarar mu ari kalmar mu ce "Fagan". Kunnen Bahaushe "fagen" zai ji, ya tsaya jiran fagen me.

Ku gwada a jimla: "A 2007 ma'aikatar tsofaffin sojojin Amurka ta amince a sassaƙa tauraro mai tsini biyar, alamar masu raya tsohon addini na Wika, a kan duwatsun kaburburan sojoji. A 2013 ta ƙara da gudumar Tor, ta addinin gargajiyar Turawan arewa."