Saniyata tana tari tana ramewa, ina fargabar tarin fuka ne

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kiwo. Ina da garke na shanu 23 a gonata da ke wajen Saminaka, yawancinsu Bunaji. A farkon daminar bana na sayo wata saniya mai shayarwa a kasuwa, kuma tun shigowar kaka take wani busasshen tari, musamman da asuba ko idan an koro su daga rafi. Tana cin harawa da dusa kamar sauran, amma kullum ƙara ramewa take yi, har ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga nesa, sannan na shafo wani kumburi mai tauri a ƙarƙashin muƙamuƙinta. An ba ta maganin tsutsa, an yi mata allurar sammore da ta kashe ƙwayoyin cuta, amma shiru. Abin da ya hana ni barci shi ne yarana uku suna shan madararta da ɗuminta da zarar an tatso, kuma autata mai shekara huɗu ta fara zazzaɓin dare. Shin tarin fukan shanu yana kama mutum? Ina neman shawararku.

Wani likitan dabbobi daga Zariya:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ƙwarai yana kama mutum, kuma babbar hanyarsa ita ce ɗanyar madara. Ƙwayar da ke kawo shi, wadda ake kira Mycobacterium bovis, 'yar'uwar wadda ke kawo tarin fuka a tsakanin mutane ce. Daga yau kada kowa ya ƙara shan madarar garkenka sai an tafasa ta, kuma kada a dogara da tsamin nono, domin tsami ba ya ba da tabbacin mutuwar ƙwayar. Ka ware saniyar nesa da sauran, da komin ruwanta daban, ka kuma cire maraƙin daga nononta.

Da ido kaɗai ba a yanke hukunci. Ka je ofishin kula da dabbobi na ƙaramar hukumarku ka nemi gwajin fata, inda ake tsira ɗan ruwan gwaji a fatar wuya ko gindin wutsiya, a dawo bayan awa 72 a auna kumburin wurin. Garken duka za a gwada, domin saniya tana iya ɗaukar cutar watanni ko shekaru tana ƙiba tana sheƙi alhali tana yaɗa ta ta numfashi. Ka kuma sani cewa wadda ciwon ya ci ƙarfinta sosai wani lokaci ba ta nuna komai a gwajin, don haka idan wannan ramammiyar ta fito lafiya, kada hankalinka ya kwanta. Ana sake gwaji bayan kamar kwana 60. Idan ya tabbata, ba a yi wa shanu maganinsa, rabuwa da su ake yi ta hanyar yanka a gaban mai duba nama. Allurar da ake ta yi mata asarar kuɗi ce kawai.

Wani dattijo mai kiwo daga Bauchi:

Ɗana, Allah ya sawwaƙe. Ka roƙi Likita ya duba ciwon huhu ma, wanda ake yi wa rigakafi da allurar da ke zuwa daga cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos, domin shi ma yana sa tari. Sai dai wanda na sani yakan zo da zazzaɓi da nishi, ka ga saniya ta buɗe ƙafafun gaba ta miƙe wuya, kuma yakan kwantar da shanu da yawa cikin 'yan makonni. Wasu za su ce ka kaɗa ta kasuwa tun da sauran nama a jikinta. Kada ka yi haka, domin ta wannan hanyar ta shigo gidanka, kuma wanda zai saya shi ma yana da yara.

Wani mahauci daga Jos:

Alhaji, mu muke ganin cikin dabba. Idan aka fede irin wannan, za ka tarar da ƙulle-ƙulle masu ruwan ɗorawa a huhu da jikin haƙarƙari, wani lokaci har hanta, kuma idan ka sa wuƙa sai ka ji tana ƙaras-ƙaras kamar ta shiga yashi. Kada a yanka ta a gida a rarraba wa maƙwabta. A mayanka mai duba nama ne zai ce ko sashe za a zubar ko kuwa duka.

Wata ma'aikaciyar lafiya daga Kaduna:

Yallaɓai, ni maganar yarinyar ce ta tsaya mini a rai, kuma bai kamata ta jira sakamakon shanu ba. A yara ƙanana wannan nau'in yakan fito a matsayin kumburin wuya ko ciwon ciki da ramewa, ba lallai da tari ba. Ka kai su duka ukun asibitin gwamnati mai sashen tarin fuka, tare da makiyayinka da ke yini a cikin shanun, gwaji da magani kyauta ne. Ka faɗa wa likita ɓaro-ɓaro cewa suna shan ɗanyar madarar saniyar da ake zargi, saboda ɗaya daga cikin magunguna huɗu da ake farawa da su, wato pyrazinamide, ba ya aiki a kan ƙwayar shanu, kuma hakan yakan sa a tsawaita magani daga wata shida zuwa tara. Zazzaɓin yana iya zama na cizon sauro, amma gwaji ne zai raba gardama.

Mai tambaya:

Na gode, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, wallahi tunanin kasuwar ya zo mini, amma na ajiye shi. Da yammacin nan mun ɗaure ta a gindin ɗorawar da ke bayan rumbu, uwar yaran kuma ta fara tafasa madarar sauran shanun, tata kuwa mun zubar. Gobe da sassafe zan kai yaran asibiti, daga can in wuce ofishin dabbobi. Likita, maraƙin watansa bakwai, shin shi ma za a iya yi masa gwajin tare da manyan?