Ɗauraye Kwanuka Bayan Sabulu

An yi ta ja-in-ja kan ko dole ne a ɗauraye kwanuka bayan an cuɗa su da sabulu. Masu cewa ba dole ba, hujjarsu ita ce kumfa za ta zube da kanta, kuma an rage ɓarnar ruwa. Amma mafi yawa sun ce a ɗauraye, ni ma can na karkata.

Aikin sabulu shi ne ya ɓamɓaro maiƙo da ƙwayoyin cuta daga jikin kwano ya riƙe su cikin kumfa. Ruwan ɗauraya ne ke tafiya da su. In ba a ɗauraye ba, wani ɓangaren dattin nan zai bushe a kan farantin. Ɗaga kofin gilashi ka duba a haske, za ka ga dabbare-dabbare, ka kuma ji ɗanɗanon sabulu in ka sha ruwa.

Sauran shawarwarin: a fara da kofuna, tukwane su zo ƙarshe, a sauya ruwa da zarar ya yi maiƙo. A kife kwanuka iska ta busar da su, domin tsumma mai danshi yana yaɗa ƙwayoyin cuta. Soso ma haka, a matse shi ya bushe, a riƙa sauya shi. Katakon yanka ɗanyen nama kuwa a ware shi daban.