Neman shawara: in ɓoye musu cewa bincike nake yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina ajin ƙarshe a fannin nazarin zamantakewar al'umma, kuma kundina a kan matan da ke aikatau ne a kasuwar Tudun Hatsi nan Gombe, masu shiƙa da tsintar wake. Takardar tambayoyi na fara kai musu, amma yawancinsu ba su yi boko ba, ni ke karantawa ni ke cikewa. Da zarar na taɓo kuɗin aiki sai mace ta ce "Alhamdulillahi", ta saci kallon mai shago. Ƙawata ta ce in sa tsohon hijabi in shiga cikinsu kamar mai neman aiki, ina naɗar hirarsu a waya. Raina bai kwanta ba, ga lokaci na ƙurewa. Ya zan yi?

Wani malamin jami'a: 'Yata, kada ki soma. Za ki ji gaskiya kam, amma da yaudara. Ki tuna gwajin maganin Trovan da kamfanin magunguna na Pfizer ya yi wa yara wajen 200 a Kano lokacin sanƙarau na 1996. Rigimar da ta kai kotu har da batun ko an nemi yardar iyaye, kuma har yau mutanenmu na ɗari-ɗari da mai bincike. Naki ba magani ba ne, amma in muryar wata ta kai kunnen mai shago, abincinta ne ya tafi.

Maman biyu: Ƙanwata, matsalar wurin ne, ba matan ba. Wa zai faɗi cikinsa a gaban ubangidansa? Ki bi su gida bayan la'asar, ki yi sallama, ki faɗi ko ke wace ce. Su huɗu ko biyar a tabarma ɗaya, wata na tuna wa wata. Sai dai ki lura, mai baki kan danne sauran.

Tsohon ɗalibi: Ni ban ce ki watsar da takardar ba. Hira da mutum goma ba ta ba ki damar cewa "matan kasuwar" gaba ɗaya. Ki rage tambayoyin, ki haɗa biyun.

Mai tambaya: Na gode. Malam, to wadda ba ta iya sa hannu a takardar amincewa da shiga binciken fa?

Malamin: Ki karanta mata da Hausa ko Fulatanci a gaban shaidar da ita ta zaɓa, ta amsa da baki ko ta dangwala. Ki gaya mata tana iya fasawa ko ana tsakiyar hira. Sunanta da lambar shagon kuwa kada su shiga kundin, kuma ki nuna wa mai duba aikinki wannan tsari kafin ki koma kasuwar.